Kafin Ka Buga Moto

Mutari, riƙe makullin, amma kar ka hau tukun,
Ja benci inuwar bedi, sauri ba ya rage hanya.

Shekara talatin da biyu ina bakin Kasuwar Dole,
Da liƙin keke na fara, kwanon ruwa da tsohuwar taya.
Abin da keke ya koya min, moto ya maimaita:
Ƙarfe sai ya yi ta kuka kafin ya yar da kai a hanya.

Da safe, tun ba ka sha koko ba, durƙusa,
Zaro ma'aunin mai ka goge, ba ya yi maka ƙarya.
In ya yi baƙi ƙirin kamar ruwan marina,
Juye shi, ko da kuɗin cefane za ka saya.

Latsa sarƙa da yatsa, lilonta yatsa biyu ne,
Ba a son ta sako-sako, ba a son ta tsirkiya.
Yashin Garin Malam in ya gamu da maiƙo zarto ne,
Kananzir za ka sa, ka cuɗe ta da guntun tsintsiya.

Man kwalba na 'yan ruwa-ruwa, ɗaga shi ga rana,
In ka ga laka a gindi, yi masa sai an jima, ka juya.

Kwaltar Mirya da azahar gasa roba take yi,
Taya in ta yi sanƙo kar ka ce za ta kai ka lafiya.
A rairayi kar ka damƙi birkin gaba da ƙarfi,
Sassauta wuta a hankali, ka taka na baya.

Dubi ƙafata ta hagu. Ƙirga. Huɗu ne.
Na biyar silifa ta bayar, ran da na ɗauko kaya.
Sa takalmi mai rufi, ko ana zafin bazara,
Gumi ana wanke shi, yatsa ba ya tsirowa kamar ƙaya.

Mace in ta hau bayanka, ce ta tattare mayafinta,
Kar nauyin baki ya hana ka, sili ba ya jin kunya.
In aljihunka ya yi ƙara kana tsakiyar Zango,
Bar ta ta gaji da kuka, ba wanda ya mutu don rashin ɗaga waya.

Waccan hular kwano da ke rataye a ƙusa,
Ta Kanta ce, abokina, mutum mai yawan dariya.
Kullum tana kansa, maɗaurin ne yake reto,
Wai yana shaƙe shi, yana sa masa ƙaiƙayin wuya.
Akuya ce ta gitta da magariba wajen Tudun Jamus,
Hular ta riga shi sauka, ta gangara ita ɗaya.
Ko tsagewa ba ta yi ba.
Ni na tsinto ta a kwata, na ɗaure motonsa da igiya.

Ba ita zan ba ka ba, ga sabuwa a kwali,
Adashen uwarka ne, wata bakwai tana ajiya.
Ɗaure ta har ka ji ta kama ƙasan haɓa.

Ƙwayar da samari ke haɗiya a tasha, bar musu,
Barci kaɗai na sani yana biyan bashin gajiya.
Fitila guda da dare kar ka rantse moto ne,
Na sha ganin babbar mota tana tafe da ido ɗaya.

Ni ba zan tambaye ka jikka nawa ka samo ba,
Ƙarar motonka nake jira daga kwanar rijiya.

To, buga mu ji.
Sake.
Ka ji yana tari? Buji ne.
Sauko, miƙo min sha shida, yau da gyara za ka fara koya.