Minti Biyu a Tudun Valparaíso

Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina jan wannan akwatin katako a kan dogo,
daga bakin tashar jiragen ruwa
zuwa unguwar da ke can bisa tudu.
Tafiyar minti biyu ce.
Minti biyu sun ishi ido ya tona asirin mai shi.

Ga teku shimfiɗe ta taga,
shuɗi har inda gani ya gaji,
amma duk wanda ya shigo
da fuskokin da ya tarar yake farawa:
ido, ido, baki, ya koma ido,
daga baya ya tuna da teku.

Jiya Ermelinda mai sayar da kifi
ta ɗaga kai ta dubi rufi.
Mutum tara suka ɗaga tare,
har ɗan sandan da ya nutse a jarida.
Babu komai can sai tsatsa da tsohuwar ƙusa.
Ni ma na ɗaga,
ni da na san ƙusar tun tana ƙyalli.
Ashe wuyanta ne ya sage.

Akwai jariri, Amaro, ɗan wata biyar,
an ɗaura masa jan ƙararrawa a hannu,
ko kallo ba ta ishe shi ba.
Ya bi gemuna, ya haura hancina,
ya tsaya a idona
kamar wanda ya zo karɓar bashi.
Na kau da kai wajen birki,
shi ma ya juya wajen birki.
Wa ya koya masa, tun bai san sunansa ba?

Matasa kan shigo kai a sunkuye, waya a tafi,
su rantse ba su ga kowa ba.
Ƙarya suke. Gefen ido na gadi,
kamar kare mai barci da kunne ɗaya a miƙe.

Da dare in na kashe inji
sai in bi matakala zuwa gida.
Taga biyu, ƙofa ɗaya,
gidan ma fuska gare shi, yana jirana.

Tun da Griselda ta rasu
hotonta na kan kabad,
idonta ya ɗan karkata hagu
wajen wani abu da mai hoto bai ɗauka ba.
Shekara shida.
Har yau in na shigo
sai na juya hagu na duba.
Bango ne, da kalanda,
da makunnin fitila.