Kwalbar Rumasa'u

Ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba,
kwalbar da aka ba ni in kai Fagge.
An lulluɓe ta da auduga, an kwantar da ita a ƙanƙara,
sunan Rumasa'u a gefenta da biro,
har an manta da hamzar sunan.

A Gwammaja hanya ta cushe.
Mai adaidaita sahu na ta surfa wa na gabansa baƙar magana,
ni kuwa na rungume jaka a ƙirji,
kamar yaron da aka aika da ƙwai ranar kasuwa.

Shekara uku ke nan.
Wancan karon zobe ya ƙi fita daga yatsa, muka ce ƙiba ce.
Takalmi ya matse, gwaggo ta ce namiji ne.
Ta ce tana ganin taurari da azahar,
na ce yunwa ce, na sayo mata awara.
Daren Laraba jijjiga ta zo ba sallama.
Ita ta dawo gida.
Rigunan da muka saya suna ƙasan akwati har yau.

Ni mai gyaran waya ne.
Na san wayar da za ta ƙone takan fara ɗumi a ɓoye,
mita ce ke ji kafin hannu.
Ban san jiki ma yana raɗa ba,
sai da Sista Uwale ta zaunar da ni:
mabiyiya, in ji ta, tana aiko da saƙo cikin jini,
abu biyu, kamar guga biyu a igiya ɗaya,
in wannan ya hau, wancan ya nutse,
tun kai bai fara sara ba.
"Ba duba ba ne, malam.
Sanin gaibu sai Allah.
Lokaci kawai yake saya mana."

Lokaci kuwa da tsada.
Na sayar da mitar.

Yanzu ina kan benci, rasit ya jiƙe a tafina.
Sun ce bayan la'asar.
Waya ta yi ƙara, ita ce:
in taho da yalo, mai ɗaci-ɗaci.
Na ce to. Na ce, zoben fa?
Ta yi shiru, na ji tana gwadawa.
"Yana juyawa," in ji ta,
"amma da ƙyar."