Saƙar Iska

Na jingina waya jikin gwangwanin madara,
na sa dutsen guga ya tokare ta ta baya.
Na ce, Baba, dawo nan, hasken ya fi kyau.
Ya ce, Shamsiyya, me za a kalla a jikin tsoho
wanda ko akuyar gidan nan ta daina jin tsoronsa?

Sau uku muna farawa.
Na farko zakara ya tsoma baki cikin sallamarsa,
na biyu mai kurar ruwa ya bugi ƙofa,
na uku Inna ta gifta da tsintsiya
tana faɗin ba ta yarda a nuna bangonta ba,
tun bara damina ta lashe fentinsa.

Sai na ce, to, bar gaisuwar.
Nuna min yadda kuke yi a masaƙar Kakuri.

Ya yi shiru.
Ya tura hula ƙeya, ya miƙe tsaye.
Hannayen nan masu rawa in sun ɗauki kofin shayi
suka tsaya cak, kamar an kira sunansu.
Na dama ya cafko zaren da babu shi,
na hagu ya ƙulla, ƙulli guda, ba dubawa,
ƙafa tana taka ƙarfen da aka sayar a kan sikeli
tun ina rarrafe.
Bakinsa na yi wa injin murya,
kacau-kacau, kacau-kacau,
har kaji suka bar tsattsaga suna kallonsa.

Minti huɗu da 'yan daƙiƙu.
Ya saƙa yadi goma na iska a tsakar gida,
ya zauna yana haki, ya ce, kashe abin nan.

Ɗorawar ce aiki.
A lungunmu na Unguwar Sanusi sabis sai kusa da katanga.
Na kife turmi na hau, hannu sama kamar mai roƙon ruwa.
Ya kai tamanin da bakwai cikin ɗari, data ta ƙare.
Na ranto ɗari biyar wurin Mudassir mai caji,
aka ɗauke wuta, sauro ya kawo tasa.
Sai da ladan ya kira assalatu abin ya shige.

Kwana bakwai, mutum talatin da ɗaya suka gani,
goma sha biyu daga ciki ni ce.
Kubura, da ta ɗauki kyanwarta tana atishawa,
ta haura dubu tara.
Na daina leƙawa. Na ce an yi asarar kuɗin ranto.

Ran Asabar bayan la'asar aka yi sallama
da muryar da ƙofarmu ba ta sani ba.
Wani tsoho ne da sanda, jikansa riƙe da waya.
Mota biyu suka hau daga Sabon Tasha, suka ƙetaro gada,
suna bin shago-shago suna nuna fuskar Baba:
ina gidan Tanko na layi na shida?

Baba ya fito da buta a hannu.
Butar ta faɗi.
Ya ce, Bulus?
Tsohon ya ce, Tanko, har yau da hagu kake ƙulla zare?
Shekara nawa ina gaya maka ba haka ake yi ba!

Shekara ashirin da ɗoriya, kogi ɗaya tsakaninsu,
kowa yana zaton ƙasa ta rufe idon ɗan'uwansa.

Aka shimfiɗa tabarma, Inna ta damo kunu.
Suka shiga ƙirga 'yan layi na shida da yatsu:
wane ya rasu, wane ya koma gona,
Ayuba dogo yana gadin wani gidan mai,
har yatsun suka ƙare, mutane ba su ƙare ba.
Can suka miƙe su biyu, hannu huɗu a sama,
suna musun ƙulli a kan zaren da babu.

Jikan ya zungure ni, ya ce, ɗauka mana, wannan zai tafi!
Na ɗaga waya, na hango su ta gilashi,
sun ƙanƙance, ko tafin hannuna ba su cika ba.
Na kife ta a kan gwangwanin madara,
na shiga ɗaki ƙaro musu sukari.