Roba Ma Tana Tsufa

Sun ce mana roba ba ta mutuwa.
Na yarda, in leda ake nufi:
ga su can sarƙe a ƙayar bakin Binuwai,
shekara goma, ko gezau.
Amma wadda kake so ta zauna
ita ke marmashewa a tafin hannu kamar ƙuli.

Rumfata na Yalwa, bayan masu walda,
kwano uku, benci ɗaya,
ranar Garwa na dafa mu tare, ni da rediyoyin.
Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikinsu.
Waya ba ta ba ni tsoro, dalma tana jin magana.
Jikin ne.
Jikin da ya zo fari kamar nonon safe
ya koma haƙorin mai cin goro,
ka taɓa shi ya ce ƙas
tun ba ka gama bisimilla ba.

Ran Talata Inna Dudu ta zo
da rakoda naɗe cikin zane biyu.
Ta marigayi ce, Barau direba,
wanda ya ci hanyar Kusiri har ta cinye shi.
Murfin batir ya ɓata tun tuni,
an ɗaure wurin da robar tayar keke.
Bel ɗin ciki ya narke, ya zama kwalta,
ya bi yatsuna har gida.

Ta ce, “Ɗana, a mayar da ita fara
kamar ranar da ya shigo da ita a kafaɗa.”
Na ce, “Inna, akwai maganin,
na masu rina gashi, a shafa, a shanya.
Za ta yi fari, ki yi murna,
sai rawayar ta dawo da ƙannenta,
jikin kuma ya ƙara sanyi.”
Ta yi shiru.
Ta shafa maɓallin kunnawa,
inda babban yatsansa ya bar kwarmi
kamar dutsen niƙa.
“To, bar mata rawayarta.”

Ɗanlami yarona ya miƙo fetur,
na buge hannun.
Fetur gara ce a jikin tsohuwar roba.
Ruwa mai ɗumi, sabulun wanka,
auduga, da buroshin da ya yi ritaya daga baki.
A inuwa za ta bushe.
Kusa kuwa, in za ka mayar,
juya ta baya tukuna, sannu,
sai ka ji ta faɗa tsohuwar hanyarta.
Ka yanka mata sabuwa, ramin ya fashe.

Duk na faɗa masa, yana gyaɗa kai.
Sai ga shi a hannuna, nawa, ba nasa ba,
maɓallin ya rabe biyu,
tsagar ta bi ta tsakiyar kwarmin.
Yaron ya kalli titi, Allah ya yi masa albarka.

Na kwana a kai.
Gam, garin soda, takardar gogewa mafi laushi.
Ya kama, amma layin na nan
kamar tsagar gado a kumatu.

Da ta dawo na nuna mata, ban ɓoye ba.
Ta kai shi kusa da ido,
ta ce, “Shi ma haka ƙafarsa take, da ɗinki.”
Muka sa kaset.
Tari ya fara fitowa,
sai murya tana lissafin bashin gas,
wa ya biya, wa ya ce sai ya dawo daga Marwa.
Ba gaisuwa, ba sunanta.
Ta saurara har sefa dubu bakwai,
ta ce, “Kashe, kada ya gaji.”

Na ce ta nisanta ta daga taga,
ta cire batir in ba ta ji,
ta danna a hankali.
Ta naɗe zanenta, ta tafi.

Na yunƙura in kai ta bakin hanya,
gwiwata ta ce ƙas.
Ɗanlami ya yi dariya.
Bar shi,
bai san shekararsa nawa a rana ba.