Turaren Pandu

Shilin dubu huɗu ya saye shi
a bakin kasuwar Darajani,
wurin mai teburin da ke jera kwalabe a rana
har ruwan cikinsu ya yi ɗumi kamar shayi.
Kwalbar ba ta fi babban yatsana ba.
Sunan da ke jikinta, ba mai iya karantawa a gidanmu,
takardar mai ruwan zinari kuwa tun a hanya ta fara ɓarewa.

Da ya buɗe, innata Mwanaidi ta miƙo hanci,
ta kwashe da dariya har ta saki kwakwar da take gogewa.
"Pandu, ai kanumfari ne!
Ka wuni kana saɓa shi a ƙeya,
buhu bayan buhu, daga sito zuwa cikin jirgi,
sannan ka zare kuɗin kifin gobe
ka sayo shi a kwalba?"

Babana ba ya gardama.
Ya ɗiga ɗaya a tafin hannu, ya murza,
ya shafa a gemu, ya shafa a wuyan riga,
ya fita masallaci yana takawa a hankali
kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu.

Da fari yana cizo, kamar citta a harshe.
In ka jira, sai ya sauko,
ya zama kirfa, ya zama zuma a kan wuta,
ya zama ƙasan tukunyar alewa da aka manta ba a kankare ba.
Kafin la'asar ya tafi.
Mai araha ba ya daɗewa, kowa ya sani,
amma Juma'a ma ai ba ta kwana biyu.

Wani dare ina murza masa baya da man kwakwa,
iskar teku na kaɗa labulen,
ya yi magana fuskarsa a tabarma:
"Na bakin tasha, ɗiyata, na wani ne.
Yana zuwa da nauyi, da ƙaiƙayin buhu,
da warin dizal, da ƙarnin kifi,
da tsawar mai awo.
Na kwalbar nan nawa ne.
An cire masa nauyi, an zaunar da shi ya huta.
Ina so in ji yadda yake
in ba a kaina yake ba."

Shekarar da bayansa ya ƙi miƙewa,
kwalbar ta sauka zuwa ƙasa.
Na kama shi yana ɗura mata man kwakwa da tsinke,
yana girgizawa, yana shinshinawa,
ya ce ai har yanzu yana ciki, ɓuya ya yi.

Da na samu aiki a otal ɗin bakin ruwa,
albashin farko na shiga shagon da ake sanyaya iska,
na sayo masa na masu jirgi,
mai kwali, mai murfin ƙarfe,
kuɗinsa dakon wata uku.
Ya karɓa da hannu biyu. Ya sa mini albarka.
Ya nannaɗe shi cikin zanen innata, ya sa a akwati.
Yana nan. Ledar ma ba a ɓare ba.

Jiya na bi ta Darajani.
Mai teburin ya yi furfura, ɗansa ke miƙo kaya.
Dubu shida yanzu, ya ce, ba ragi.
Na biya. Na sa a jaka.
A motar haya murfin ya ɗan zubar,
wata tsohuwa ta juyo ta ce,
"Wa ya shigo mana da kanumfari?"
Na ce na babana ne.