Bishiyar Kuɗi a Bab Sharif

Ran da Ramon zai bar Jidda, ya sallami kafilinsa,
ya hau benenmu da haki, tukunya a ƙirjinsa,
ya dire ta gefen kekena.
Ya ce, "Haladu, riƙe. Bishiyar kuɗi ce,
jirgi ba ya ɗaukar ƙasa."
Na ce, in haka ne, kai me ta yi maka?
Ya shafa aljihu, ya yi dariya, ya sauka.

Na dube ta. Kara uku an yi musu kitso,
irin wanda Ladidi ke wa Sa'ade daren Juma'a,
yarinya na kuka, ana ce mata saura ɗaya.
Ganye biyar-biyar, tafin hannu a buɗe,
ban san ko bayarwa take ko karɓa ba.

Ni ɗan manomi ne daga Gumel,
inda ruwa bai taɓa yin laifi ba.
Sai na shiga yi mata hidima:
kofi bayan asuba, kofi in an idar da isha.
Sati uku, ganye ya koma ruwan ɗorawa,
yana faɗowa cikin ƙyallayen yadi,
ina share shi tare da zare.

Iya Tabawa mai kunun gyaɗa ce ta kama ni
ran da ta zo karɓar abayar jikarta.
Ta tsoma yatsa a ƙasar, ta sansana,
ta ce, "So ne zai kashe ta.
Ka ɗauka shinkafar fadama ce?
Nutsa yatsa gaɓa biyu, in ka ji laima ka ƙyale ta.
Kuma huda gindin tukunyar, ɗan nan,
ruwan da bai da hanyar fita, ɗoyi yake."

Na zazzage ta a kan tsohuwar jarida.
Saiwar ta yi baƙi, ta yi laɓo-laɓo.
Da almakashin da nake yanka alharini
na datse ruɓaɓɓiya, na bar fara,
na cuɗa sabuwar ƙasa da rairayi,
sannan na koyi abin da ya fi wuya,
wato naɗe hannu.

Rana ma sai da muka yi ciniki da ita.
A taga, zafin Jidda ya toye mata baki,
gaban na'urar sanyi kuma ta bushe kamar kilishi.
Yanzu tana bayan labulen da na haɗa da ragowar shadda,
haske na iso ta a tace.
Ruwan da na'urar ke ɗigarwa a roba shi nake ba ta,
gumin ɗakin nan, nawa da nata.
In na dawo masallacin Juma'a sai in juya tukunyar
don kada ta karkace wajen neman haske,
in goge ganyen da jiƙaƙƙen hannun riga.

Kuɗi kuwa?
Haya na nan, sabunta iƙama na nan,
Ladidi ta bugo, rufin ɗaki na yoyo.
Na taɓa girgiza ta da wasa,
ko halala ba ta faɗo ba, sai allurar da na ɓatar.

Amma shekaranjiya, ina cikin kafa maɓalli,
na ga wani tsiro a tsakiyar kitson,
a dunƙule, yana sheƙi, kamar hannun jariri.
Na tsai da keke. Har shayina ya huce.

Ita ma ba 'yar ƙasar nan ba ce.
A tukunya take zaune, kamar ni,
saiwa na zagaya iyakar da aka ba ta.
Na yanki reshe ɗaya na tsoma a kofin gilashi
na aika wa Iya Tabawa,
don na san wata rana ni ma zan hau benen wani
da haki, tukunya a ƙirji,
ina neman wanda ya iya haƙuri da ruwa.