Ƙanƙarar Tasalla

Ni ƙanƙara nake sayarwa a Kusiri,
bakin Logon, bayan rumfar masu banda.
Da asuba dunƙule ɗaya sefa ɗari biyar,
kafin azahar ya koma ɗari uku,
da la'asar kuwa sai in ce wa mai kifi:
ɗauka kawai, Allah ya sa albarka.
Na san narkewa.
Ita ke cin ribata tun ina da gashi a ka.

Ƙanwata ma ƙanƙara ce sana'arta,
sai dai tata ba a rufa mata buhu da garin katako.
Ta ce ƙasa ce guda, fara fat, a gindin duniya,
kaurinta ya fi nisan gidanmu zuwa gadar Ngeli.
Ba kuka, ba tsamiya, ba ko ƙuda.
Na ce, Tasalla, garin da ba ƙuda, gari ne?

Shekara ashirin da biyu tana huda ta,
tana zaro ta doguwa kamar taɓarya,
tana ƙirga zoben shekaru da fitila.
A ciki, in ji ta, akwai iskar da aka kulle
tun kafin a haƙa rijiya ta farko,
kuma idan ta narke a kofi
sai ka ji tana ƙas, ƙas,
kamar gero a kasko.

Inna ba ruwanta da wannan.
Abin da ya dame ta a waya ɗaya ne:
ranar da ba ta faɗuwa wata da watanni,
yaushe kike magariba?
Da agogon gida, Inna.
To, kin ci abinci?

Sanyi ya ci mata gaɓar ɗan yatsa a shekara ta shida.
A ta goma sha ɗaya injin sanyinsu ya mutu dare ɗaya,
aikin shekara uku ya bi magudana.
Ta kira ni, ba ta kira manyansu ba,
don ni na san yadda ake tsayawa da tsumma a hannu
kana kallon dukiyarka tana neman ƙofa.

Na taɓa tambayarta, duk wannan wahala, me kika gano?
Ta ce teku na tashi.
Nawa?
Ta nuna min kaurin farce uku, huɗu. A shekara.
Na yi dariya har na ƙware.
Mu da ba mu taɓa ganin teku ba,
mu da tafki ya guje wa kakanninmu
ya bar kwale-kwale a kan yashi!
Ta ce, Yaya, da ɗigo ɗigo kake talaucewa kullum,
ka taɓa ganin dunƙule ya ɓace a tashi ɗaya?

Damina ta wuce, Logon ya shigo ɗakin Inna ba sallama.
Da ya janye, ta ja layi da gawayi a bango
daidai inda ya tsaya.
Tasalla ta zo hutu, ta durƙusa gaban layin,
ta auna da guntun yatsanta, ta rubuta kwanan wata.
Na ce, ruwanki ne ya biyo ki gida?
Ta ce a'a, wannan na sama ne, daga kudu ya gangaro.
Ta yi shiru.
Amma murhu ɗaya ake hura musu.

Ranar da za ta koma ta biyo ta rumfata,
ta biya ɗari biyar, ta ƙi karɓar ragi,
ta kanga kunne a jikin dunƙulen.
Taka bebiya ce, Yaya, ta ce.
Jiya aka haife ta, ba ta da labari.

Yanzu idan kasuwa ta watse,
masu kifi sun ɗaure kwandunansu,
nakan ɗaga buhun in saurara, in ba mai kallo.
Ba ƙas, ba komai.
Sai ɗigo a kan kwano,
ni kuma na fara ƙirgawa.